Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Yi Aure Ba Tare da Bashi Ba

Duk wanda ya zauna da samarin da suka haura shekara 30 ba su yi aure ba, ko da iyayen da suka tara 'yan mata uku ko huɗu a gida, amsa ɗaya zai riƙa ji: babu hali. Sau da yawa ma an riga an daidaita, manya sun shiga maganar, an kai kuɗin gaisuwa, amma sai zance ya tsaya cak shekara biyu ko uku ana jiran lefe ya cika ko kayan ɗaki su haɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma bar naira ta nemi farashinta a kasuwa, lamarin ya ƙara tsanani. Dalar da a da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, sai ga ta ta haura 1,500 a cikin 2024, hauhawar farashin kaya ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekarar, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Atamfa da leshi da akwatuna da tangaran galibinsu daga waje ake shigo da su, saboda haka duk tashin da dala ta yi a kan lefe da jere yake sauka. Malamin firamare da tela da mai tuƙa Adaidaita Sahu suna da haƙƙin yin aure kamar kowa, kuma ba za su zauna jiran dala ta sauko ba.

Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne auren mai ƙaramin ƙarfi yana yiwuwa, kuma cikin mutunci, muddin an san inda ake ragewa da inda ba a taɓawa. Kuɗin da ake kashewa a aurenmu kashi uku ne. Akwai wanda aure ba ya ƙulluwa sai da shi. Akwai wanda ango da amarya za su rayu a kansa bayan 'yan biki sun watse, wato ɗakin zama da shimfiɗa da tukunya da abinci da ɗan jarin sana'a. Sai na uku, wanda ake kashewa domin idon jama'a, ya ƙare a yini ɗaya ko mako ɗaya. Kuskuren da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yi shi ne su matse kashi na biyu domin su cika na uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: na uku shi mutane ke gani su yi magana a kai, na biyu kuwa ba wanda zai san halinsa sai ma'auratan kansu idan an kwana biyu.

Kashin farko shi ne mafi sauƙi a cikinsu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, aure yana buƙatar waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da sigar nema da bayarwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamanmu, ya sanya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari, wato zinariyar da ta ɗan haura giram 1. Shi ya sa ake jin malamai suna sanar da ƙimarsa da naira lokaci zuwa lokaci, tunda farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya. Hadisai ingantattu sun nuna yadda aka yi a zamanin Manzon Allah (SAW). Sahabin da ya nemi ko da zoben ƙarfe ya rasa, an aurar masa da mace a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Abdurrahman ɗan Aufu, wanda daga baya ya zama cikin manyan attajiran Madina, an umarce shi ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Walimar auren Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibar, dabino ne da cuku da man shanu aka cuɗa, babu nama babu gurasa. Sulken Sayyidina Ali shi ne sadakin Nana Fatima. Shari'a ta ɗora wa miji muhalli da ci da sha da sutura, ba ta kuma wajabta wa uban amarya kujeru ko firji ba. Lefe da gara da anko al'adu ne, wasunsu masu kyau, amma babu ɗaya daga cikinsu da rashinsa zai ɓata aure.

Kashi na uku shi ne wanda kullum ƙara kumbura yake yi. Bukukuwan da muka gada, irin su kamu da sa lalle da yinin biki da kai amarya da sayen baki da buɗar kai, a tsakar gida ake yin su. Maƙwabta su kawo aron tabarmi da manyan tukwane, gwaggo da inna su tsaya a kan girki, ƙawaye su yi wa amarya lalle. A 'yan shekarun nan aka ɗora musu dina, da ranar ƙauyawa, da daren Larabawa, da hotunan kafin aure, kowanne da ankonsa, da hayar zaurensa, da mai kwalliya, da mai ɗaurin kallabi, da mai hoto, da mai kiɗa, da kalanda da sitika da 'yan kofunan da ake rabawa. A leƙa zauren dina wajen ƙarfe 11 na dare a ga abin da kuɗin ya saya: farantan shinkafa da aka ci rabi aka ture, kek mai hawa uku da aka yanka domin hoto kawai, robobin lemo a zube a ƙarƙashin tebura, amarya a gajiye cikin doguwar riga mai jan ƙasa da ba za ta sake sawa ba, da kwalliyar fuskar da za a wanke kafin asuba. Ga liƙi kuma, wanda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, har ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai watsa naira ko tattaka ta. Waɗannan abubuwa daga gidajen masu kuɗi suka faro. Da can talaka ba ya ganinsu sai labari, yanzu kuwa Instagram da TikTok sun kawo su cikin wayar kowace budurwa, har suka zama ma'aunin da ake auna bikin kowa da shi.

A yi lissafi mai sauƙi. Ma'aikacin da ke ɗaukar naira 70,000 a wata, ko da bai ci bai sha ba, 840,000 zai tara a shekara. A ce ya ranci naira miliyan 1 domin ya cika akwatuna ya kama zaure, sannan ya ɗaure wa kansa biyan 20,000 duk wata. Sai ya yi wata 50 yana biya, wato fiye da shekara huɗu, in ma babu ruwa a kan bashin. A cikin waɗannan shekaru huɗu kuɗin haya zai zagayo sau huɗu, mai yiwuwa a yi haihuwa ɗaya ko biyu, ga ragon suna, ga asibiti, ga Sallah. Amaryar da aka yi wa bikin kece raini ita ce za ta fara jin zafin bashin, domin daga kuɗin cefane ake fara yanke shi. A ɓangaren uban amarya ma haka ne. Wanda ya sayar da gona ko fili ya yi wa 'yar fari kayan ɗaki ya kafa wa kansa ma'aunin da ƙannenta za su riƙe shi da shi, alhali gonar ba za ta sake sayuwa sau biyu ba. Da yawan rigingimun da ke tashi a shekarar farko ta aure, ana ɗauka rashin jituwa ne, nan kuwa mai bin bashi ne ke sallama a ƙofar gida.

Akwai shaida a fili cewa ana iya kafa gida da abin da bai kai rabin abin da ake zato ba. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa a Kano ta hannun Hukumar Hisbah, aka soma da mata 100. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, bayan ta ware naira miliyan 854 domin aikin. In aka raba wannan kuɗi, abin da ya faɗa kan kowane ango da amaryarsa bai kai naira 500,000 ba, kuma a ciki aka biya sadaki 50,000, aka yi gado da katifa, aka ba da sutura da kayan abinci, aka kuma ba kowace amarya jarin 20,000. Gaskiya ne farashi ya tashi tun daga lokacin, kuma gwamnati sari take yi, ba za a haɗa cinikinta da na mutum ɗaya ba. Amma darasin yana cikin jerin abubuwan da aka zaɓa. Da aka zauna aka tambayi mene ne sabon gida ba zai tsaya ba sai da shi, amsar da ta fito ita ce sadaki, shimfiɗa, sutura, abinci da sana'a. Ba wanda ya sa hayar zaure a lissafin, kuma ba wanda ya ce auren bai ɗauru ba.

To, ta ina mai shiri zai fara? Ya fara da abin da ke hannunsa, ba abin da yake sa rai ba. Gudummawar da kawu ya yi alkawari da kuɗin da abokai suka ce za su haɗa ba sa shiga lissafi sai sun iso. Ya rubuta adadin a takarda, sannan ya jera buƙatu bisa nauyinsu. Na farko gwajin lafiya, wanda a Kano ya zama doka tun watan Mayun 2024, ya kuma ƙunshi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini mai nuna sikila. Ɗan kuɗin gwajin nan ya fi kowane kuɗin biki amfani, domin idan namiji da mace duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma a yi gwajin tun kafin a sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Na biyu muhalli: hayar shekara a biya ta cif, ko ɗaki a gidan gado a gyara shi, a yi masa shafe da banɗaki. Na uku sadaki. Na huɗu gado da katifa da kayan girki. Na biyar abincin wata biyu ko uku da ɗan abin da za a ajiye domin lalura. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne kuɗin lefe da walima, kuma duk yadda ya kasance, a kansa za a yanka biki. Wanda ya juya jerin, ya fara da akwati da zaure, shi ne zai wayi gari ana saura mako ɗaya yana neman rancen kuɗin haya.

Wannan takarda ba ta da amfani in ta tsaya a aljihun ango. Maza ke ɗaura aure, amma biki a hannun mata yake, saboda haka yarjejeniyar da ba a yi da uwar amarya da gwaggonninta da yayyen ango mata ba, ba ta zauna ba. Ana buƙatar dattijuwa ɗaya mai faɗa a ji daga kowane ɓangare, su zauna tun kafin a kai kayan sa rana, ɗaya ta buɗe baki ta ce, "Yaya Hajiya, ga abin da Allah ya hore mana. Akwati biyu za mu kawo, ku ma don Allah kada ku wahalar da kanku da gara, yaran nan zaman lafiyarsu muke nema." Mafi yawan tsadar aure daga tsoron juna take fitowa. Dangin ango suna ƙara akwati don kada a raina su, dangin amarya suna ƙara kujeru don su rama akwatin, kowane ɓangare yana cin bashi saboda abin da yake zaton ɗayan yana jira. Ranar da aka faɗi gaskiya, sau da yawa sai a tarar kowa neman wanda zai fara faɗa yake yi. Rangwamen kuma dole ya zama na ɓangare biyu. Angon da ya nemi a yafe masa lefe amma yana jiran a cika masa gida da kaya, ba sauƙi yake nema ba, ɗora wa surukinsa nauyi yake so ya yi.

Lefe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka fi zubar da hawaye. Wanda ya san yadda ake buɗe lefe ya san jarrabawa ce. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jera akwatuna daga babba zuwa ƙarami, wata ta riƙa ɗagowa tana ƙirgawa da ƙarfi, wata ta murza bakin atamfa tsakanin yatsu ta duba tambari ta ga ko Holan ce ta gaske ko kwaikwayo, wata ta ɗaga sarƙa ta auna nauyinta a tafin hannu, sannan a yi guɗa a ba da tukwici. Amma a tambayi matar da ta shekara biyar da aure me ya faru da turame 30 ɗin da aka ƙirga. Wasu an raba wa dangi, wasu yayinsu ya wuce suna ƙasan akwati, wasu an sayar da su da asara ranar da aka shiga matsi. Mace ba ta buƙatar fiye da abin da za ta ɗinka ta sa a shekarar farko: atamfa kaɗan masu kyau, leshi ɗaya ko biyu na fita unguwa, shadda, mayafai da hijabai, takalma da jaka, kayan shafa da na ciki. Akwati ɗaya ko biyu sun ɗauke wannan. Hanya mafi kyau ita ce a bar amarya ta zaɓa da kanta, ko a ba ta kuɗin ta shiga Kantin Kwari da yayarta, domin ta fi kowa sanin abin da za ta sa. Kuma babu dokar da ta ce sai an tara unguwa kafin a buɗe. Mata biyu su kai, mata biyu su karɓa, magana ta ƙare.

Kayan ɗaki ma haka. A da jeren kwalla da samira ake yi har rufin ɗaki, yau kabet ake cikawa da tangaran da ba a cin abinci a cikinsu sai dai a goge musu ƙura. Gado da katifa mai kyau, wurin ajiye tufafi, labule, leda ko kafet, tukwane uku ko huɗu, kulolin abinci, risho ko ƙaramin gas ko murhun gawayi, bokitai da randa ko durom na ruwa, waɗannan sun isa a fara zama. Kafintan unguwa zai yi gado mai ƙwari da kuɗin da bai kai na kantin kayan ƙawa ba, in aka ba shi lokaci aka kuma sa ido a kan katakon da zai yi aiki da shi. Kujeru na iya jira, firji kuwa a unguwar da ba ta samun wuta akwati ne kawai. Kada a manta da girman ɗakin: an sha kai kayan da suka fi ƙarfin ɗaki da falo, a bar wasu a soro ruwa ya lalata su. Lokaci ma kuɗi ne. Hatsi ya fi araha da kaka, a Dawanau ko a kasuwannin ƙauye. Teloli sun fi tsada da saɓa alkawari gab da Sallah, dabbobi kuma gab da Layya, sannan ana rububin biki a watan Sha'aban da ƙarshen shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya: uwar da ta shiga adashi tana sayen tukunya yau, kula gobe, tun yarinya tana makaranta, ba za ta ji nauyin da mai saye a mako ɗaya zai ji ba. Shi kuma saurayi ya yi tarinsa kafin a sa rana, domin doguwar rana tana cin kuɗi. Kowane azumi da kayan shan ruwansa, kowace Sallah da toshinta. Biki kansa a haɗe shi a yini ɗaya: ɗaurin aure da safe ko bayan Juma'a da goro da alewa, walima a gida da abincin da dangi suka dafa, a kai amarya da daddare. Anko in ya zama dole, a fitar da ɗaya mai sauƙin kuɗi, kada a tilasta wa kowa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ta farko tana da ƙarfi. Suna cewa lefe da kayan ɗaki su ne dukiyar mace. A al'ummar da saki ya yi yawa, gado ba kullum yake isa hannun mata da wuri ba, kuma da yawansu ba su da albashi, abin da mace ta shiga da shi gidan miji shi ne nata na kanta, shi za ta fita da shi in zama ya ƙi, shi za ta sayar in ciwo ya zo. Duk mai cewa a rage su, in ji masu wannan ra'ayi, aljihun namiji yake karewa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a hana mace komai ba. Abin tambaya shi ne wace irin dukiya ce ta fi riƙe darajarta. Kujerun da aka saya yau, in aka kai su wurin dillaliya bayan shekara biyu da wuya a sami rabin kuɗinsu. Atamfa tana tsufa, tangaran yana fashewa. Ɗan kunnen zinariya kuwa, ko tunkiya biyu a ƙauye, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko kuɗin kammala makaranta, suna riƙe daraja ko su haifar da wata. Iyayen da suke son kare 'yarsu su karkatar da kuɗin zuwa nan, su kuma tabbatar sadaki ya shiga hannunta, tunda nata ne, ba na masu dafa shinkafar biki ba.

Hujja ta biyu ita ce wai abin da aka samu a arha ba a ganin darajarsa, namijin da bai sha wuya ba ba zai ji ciwon saki ba. In da tsada tana riƙe aure, da aurarrakin da aka kashe wa miliyoyi ba su mutu ba, kuma da zawarawa sun ragu a daidai shekarun da lefe ya ninka. Kowa ya san ba haka abin yake ba. Kuɗin da aka riga aka kashe ba ya hana mai zafin zuciya furta saki. Abin da ya fi yi shi ne ya sa wani ya riƙa ganin kamar sayen matar ya yi, yana yi mata gorin akwatunansa duk ranar da aka saɓa. Abin da ke riƙe aure shi ne binciken hali kafin a bayar, da sana'ar da za ta ciyar da gida, da manyan da za a kai wa ƙara su yi adalci. Ko a auren gatan Kano, da aka so a rage saki ba a ƙara wa angwaye kuɗi ba, sharaɗi aka gindaya musu cewa kada su saki mace sai sun koma wa Hisbah. Uban da ke son gwada mai neman 'yarsa ya duba yadda yake riƙe mahaifiyarsa da yadda yake biyan bashi, wannan ya fi ƙirga akwati nuna gaskiyar mutum.

Hujja ta uku ita ce ta gori, kuma ita ce ta fi ciwo, domin mace ke ɗaukarsa. Ita za a ce wa an kawo ta da akwati ɗaya, ita kishiya ko dangin miji za su yi wa habaici da ɗakinta. Ba za a ce wannan ba komai ba ne. Amma gori yana da magani biyu. Na farko shi ne yarjejeniyar da aka yi a gaban manya, domin uwar mijin da ta ce da bakinta a sauƙaƙa ba ta da bakin yin gori daga baya. Na biyu shi ne mijin da zai tsaya wa matarsa tun ranar farko. Sannan a tuna cewa masu magana ba sa ƙoshi: an yi akwati 6 sun ce ba zinariya, an sa zinariya sun ce ba mota. Masu cewa biki sau ɗaya ne a rayuwa, a bar yarinya ta ji daɗi, su ma suna da gaskiyarsu, kuma ba wanda ya ce a kai amarya shiru kamar ana zaman makoki. Addini ma ya so a bayyana aure. A yi lalle, a yi guɗa, ƙawaye su yi wasa, a ɗauki hoto. Farin cikin biki daga mutanen da suka taru yake zuwa, kuma tsakar gida tana ɗaukarsa. Game da masu cin abinci ta hanyar biki, irin su teloli da masu kwalliya da masu girki, masu hali suna nan za su ci gaba da ba su aiki, kuma aure goma masu sauƙi da aka yi sun fi kawo ciniki a kan aure goma da aka ɗage saboda babu hali.

Wasu na ganin mafita ita ce hukuma ta kafa doka. An sha gwadawa. Masarautu da unguwanni da ƙungiyoyin addini sun yi ta ƙayyade akwatuna da hana wasu bukukuwa, kuma irin wannan doka tana da amfani ɗaya babba: tana ba talaka abin fakewa, ya ce ba rowa ya yi ba, doka ya bi. Sai dai ba ta da ƙafar shiga ɗaki. Akwatin da aka hana kaiwa da rana ana kai shi da dare, kuma dokar da mai kuɗi ya taka ba abin da ya same shi ba ta daɗewa a kan talaka. Auren gata kuwa, duk alherinsa, mutum dubu kaɗan yake ɗauka a cikin miliyoyi. Saboda haka nauyin yana komawa kan gidaje. Mai hali da ya aurar da 'yarsa cikin sauƙi alhali kowa ya san yana da shi, ya yi wa unguwarsu aikin da wa'azi goma ba su yi ba, domin ba wanda zai ce rashi ne ya sa shi. Limamin da zai ɗaura aure yana iya tambayar waliyyai ko an tanadi muhalli da abinci kafin ya tambayi ko an kawo goro. Shi kuma mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya jira waɗannan ba. Ya san abin da ke hannunsa, ya san abin da gidansa zai buƙata a watanni shidan farko, ya nemi dattijuwar da za ta kai maganarsa gidan surukai. Idan suka karɓa, ya sami surukan da zai iya zama da su a wuya da daɗi. Idan suka ƙi, ya san irin gidan tun bai ci bashi a kansu ba.